Wai kowace manhajar haɗa kiɗa da irin sautin da take fitarwa?

Duk inda masu haɗa kiɗa suka zauna, ba a daɗewa sai wannan musun ya taso. Wani ya ce FL Studio sautinta siriri ne, ba jiki. Wani ya ce in kana son waƙa ta fito da nauyi, to sai Pro Tools. Masu Logic su ce tasu ta fi ɗumi, masu Cubase su ce tasu ta fi faɗi, ita kuwa Ableton an daɗe ana jifanta da cewa tana dusashe sauti. Kowa har da rantsuwa, kuma kowa zai ce maka da kunnensa ya ji, ba labari aka ba shi ba.

Ni dai ga inda na tsaya. In ka ɗauki fayiloli iri ɗaya ka zuba su a manhaja biyu, ka daidaita ƙararsu da matsayinsu, ka kashe duk wani abin da ke taɓa sauti, sannan ka fitar da su a tsari ɗaya, abin da zai fito ɗaya ne. Ko dai su zo daidai wa daida, ko kuma da ɗan bambancin da babu kunnen da zai taɓa kaiwa gare shi. Amma ban ce masu cewa sun ji bambanci ƙarya suke ba. Da yawansu sun ji ɗin. Abin da suka ji ne ba daga inda suke zato ya fito ba.

Abin da ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa shi ne akwai gwajin da ba ruwansa da kunne, ba ruwansa da wace sifika kake da ita. Ina kiransa gwajin sokewa. A cikin kwamfuta, sauti jerin lambobi ne kawai. A tsarin faifan CD, lambobi 44,100 ake ajiyewa a kowace daƙiƙa ga kunnen hagu, wasu 44,100 ga na dama, kowace lamba tana faɗa wa fatar sifika inda za ta tsaya a wannan ɗan lokacin, ta turo gaba ko ta ja baya. Waƙar minti uku ke nan tana ɗauke da lambobi 15,876,000. To sai ka ɗauki abin da manhaja ta farko ta fitar, da abin da ta biyu ta fitar, ka jera su a layi biyu su fara a tare. Ka danna maɓallin nan mai alamar da'ira da aka ratsa da sanda a kan ɗaya daga ciki, wanda ke kifar da sautin: duk inda lambar take turo gaba ta koma ja baya. In fayilolin ɗaya ne, kowace lamba za ta haɗu da kishiyarta su cinye juna, ba abin da zai fito. In kuwa akwai bambanci, bambancin kaɗai ne zai rage, tsirara, ka saurare shi ka ji ko mene ne.

Na yi wannan da wani abokina da ke aiki da FL Studio, ni kuma yawancin miksin ɗina, wato haɗa layukan waƙa da daidaita su, a manhajar Reaper nake yi. Shi ya dage cewa duk waƙar da ya turo mini, da zarar ta shiga wurina sai ta buɗe, tun ma kafin in taɓa komai. Muka ɗauki wata waƙarsa mai layi takwas: ganga, bes, piyano, gita biyu, muryar mawaƙi, da 'yan amshi layi biyu, duka fayilolin WAV, waɗanda ba a matse sautinsu ba, masu bit 24 (bit shi ne ma'aunin tsawon kowace lamba). Ya zuba a tasa, na zuba a tawa, muka ture gita ɗaya hagu ɗaya dama, 'yan amshi ma haka, kowa ya fitar. Na jera su na kifar da ɗaya na kunna. Sai ga waƙar tana tashi, ba da ƙarfi sosai ba, amma ana jin komai, musamman duk inda ganga ta doka. Ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, ai ga shi nan! Ko har yanzu da sauran magana?"

Na ce ya buɗe layin masta, inda duk layuka ke haɗuwa kafin su fita, mu gani. Sai ga Fruity Limiter zaune a can. Bai san da ita ba, domin ba shi ya sa ta ba: shafin da FL Studio ke buɗewa da shi tun farko yana zuwa da ita, don kada sabon shiga ya ƙure ƙara sauti ya fashe. Niyya ce mai kyau, amma limita aikinta ke nan ta danne kan sauti in ya yi tsini, kuma ganga ce ta fi kowa tsini. Muka cire ta, muka sake fitarwa. Dokan gangar ya ɓace daga ragowar. Piyano ya rage yana ta kaɗawa shi kaɗai a tsakiya, muka duba, ashe fedarsa, wato maɓallin ɗaga ƙara da sauke ta, ta ɗan gusa daga sifili ba a lura ba. Muka mayar da ita. Abin da ya rage bayan nan shi ya fi burge ni: gitocin nan biyu da 'yan amshi, su kaɗai, ba murya, ba bes, ba ganga. Wato duk abin da muka bari a tsakiya ya soke, duk abin da muka ture gefe ya ƙi.

A nan gizo ke saƙa, kuma ina jin wannan shi ne babban tushen zancen "faɗi" da "buɗewa". Sauti in yana fitowa daga sifika biyu a lokaci ɗaya ya fi ƙarfi a kan in yana fitowa daga ɗaya. Saboda haka in ka ja gita daga hagu zuwa tsakiya, dole manhaja ta yanke shawarar nawa za ta rage masa don kada ya yi tsalle a kunne. Wannan ita ce dokar ture sauti, kuma ba a taɓa yin ittifaƙi a kanta ba. Akwai masu rage desibel 3 a tsakiya (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), akwai 4.5, akwai 6, akwai waɗanda ba sa ragewa sam. Reaper tana zuwa a kan sifili sai in kai ka canja. Pro Tools ta daɗe a kan 2.5 kafin a ba mutane zaɓi, yanzu kuma 3 ce ta farko. Ableton tana barin tsakiya yadda yake, sai ta ƙara desibel 3 ga abin da aka ture can ƙarshen gefe. Ka ga ke nan lamba ɗaya a jikin maɓallin ture sauti ba ta nufin abu ɗaya a manhaja biyu. A wata, gitocin gefe za su taso, waƙa ta yi kamar ta yi faɗi. A wata, murya da bes da ke tsakiya su ne za su yi gaba, a ce waƙar ta yi "nauyi". Desibel 3 ba wasa ba ne, ninki biyu ne na ƙarfin wutar da ke zuwa sifika.

Mu abin da muka yi, muka fitar da gitocin da amshin a matsayin fayilolin sitiriyo da an riga an ture su a ciki, yadda babu manhajar da za ta sake yanke wata shawara. Muka fitar a bit 32, muka kifar. Sifika ta yi tsit. Mitar da na ɗora ta nuna ragowar tana ƙasa da desibel -130. Na murɗa ƙara har ƙarshe, hucin na'urar sautina kawai muke ji.

Ba abin mamaki ba ne in ka san abin da manhaja ke yi a lokacin da take haɗa layuka. Feda ninkawa ce: in ka sauke ta desibel 6, kusan an raba kowace lamba gida biyu ke nan. Haɗa layi takwas su zama ɗaya kuwa tarawa ce, lamba ta farko a ganga da ta farko a bes da ta farko a murya, haka har ƙarshen waƙa. Shi ke nan. Kuma duk manhajojin nan ba su ke yin lissafin da kansu ba, ƙwaƙwalwar kwamfutar suke miƙa wa, ita kuma tana bin ƙa'ida ɗaya, IEEE 754, wadda aka kafa tun 1985. In ka ɗauki kalkuleta biyu na kamfanoni dabam ka tara 7 da 5, babu wadda za ta ba ka 12 mai ɗumi.

Masu son ja za su ce ai wata manhajar da bit 32 take lissafi, wata da 64. Gaskiya ne. Kuma akwai ɗan kuskuren da ke shiga wajen datse wutsiyar lamba, wanda ya fi girma a 32. Sai dai a duba girmansa. Fayil mai bit 16 yana da tazarar desibel 96 tsakanin mafi ƙarfin sauti da mafi rauni. Mai bit 24 yana da 144. Kuskuren lissafin bit 32 a can wajen 140 ƙasa da sautin yake zaune. Ɗaki mai shiru sosai yana da hayaniyar kusan desibel 30, kunne kuma yana fara ciwo a wajen 120 zuwa 130. Wato kafin ka ɗaga waƙa ta kai yadda wannan kuskuren zai leƙo sama da shirun ɗakinka, kunnen da za ka ji shi da shi ya riga ya tafi. Don haka in na ji mutum yana cewa ya koma injin bit 64 sai ya ji bes ya cika, ba na musu da shi, amma na san ba can abin yake ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma tsofaffin injiniyoyi da suka fara wannan zance suna da hujjarsu a zamaninsu. Tsohon tsarin Pro Tools mai katunan TDM yana tara sauti ne da lissafin bit 48 mai kafaffen rufi, tsakanin fulogin da fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ɗorawa a kan layi, kuma bit 24 ne. A irin wannan tsarin in ka ƙure layi ya shiga ja, sauti yana iya fashewa tun a cikin miksa. Su kuwa manhajojin da ke dogara da ƙwaƙwalwar kwamfuta kaɗai, irin su Cubase, lissafinsu mai rufi mai motsi ne, kana iya wuce sifili a ciki ka sauke masta komai ya dawo lafiya. Mai aiki da zafin hannu a wancan lokacin lallai zai ji bambanci. Amma an wuce nan. Katunan HDX da suka gaji TDM sun fito a 2011 da sabon lissafi, Pro Tools 11 ta biyo baya a 2013. Injin ya canja, zancen ne bai canja ba, ana ta gadonsa daga baki zuwa baki.

Sai kunne kansa, wanda muka fi yarda da shi kuma ya fi kowa saurin ruɗuwa. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna a ɗakin binciken Bell cewa kunnen mutum ba ya jin kowane amo daidai a kowace ƙara. In sauti ya yi ƙasa, amon ƙasa irin na bes da amon sama irin na kuge su ke fara ɓacewa. In aka ɗaga, su dawo. Abin da wannan ke haifarwa a aikinmu shi ne, in fayil ɗaya ya fi ɗan'uwansa da rabin desibel, ba za ka ce "wannan ya fi ƙara" ba. Cewa za ka yi ya fi cika, ya fi haske, ya fi rai. Ga misali daga FL Studio: in ka jefa sautin ganga a cikin Channel rack, maɓallin ƙararsa a kan kashi 78 cikin ɗari yake tsayawa, don a bar maka sararin ƙarawa. Ka jefa wannan sautin a wata manhajar da ke kunna shi da cikakkiyar ƙararsa, nan take za ka yanke hukunci cewa waccan ta fi duka. Akwai kuma maɓallin Normalize a tagar fitarwa ta Logic da ta Ableton da wasunsu, wanda in yana kunne zai ɗaga waƙar gaba ɗaya har kanta ya taɓa rufi. Mutum biyu su fitar da abu ɗaya, ɗaya da shi a kunne ɗaya a kashe, gobe a wayi gari ana musu a kan injin.

Shi ya sa gwajin sokewa yake da tsanani. Bambancin desibel 0.1 kacal, wanda kusan ba mai iya kama shi da kunne, yana barin ragowa a wajen desibel -39, ana jinta sarai in an ɗaga. Haka in fayil ɗaya ya riga ɗan'uwansa farawa da lamba guda tak, kashi ɗaya cikin 44,100 na daƙiƙa, za ka ji wani siririn sauti mai tsiwa ya rage, duk amon sama. Wanda bai sani ba sai ya ce ga hujja, alhali jeri ne bai daidaita ba. Ni nakan sa ɗan ƙyas guda a farkon kowane gwaji, in zuƙo hoton sautin har in ga ɗigo-ɗigon lambobin, in tabbata ƙyas ɗin biyu suna kan juna kafin in kifar.

In kuma mutum ya ce shi lissafi bai dame shi ba, kunnensa ne alƙali, to a bar kunnen ya yi alƙalanci ba tare da ido ya raɗa masa amsa ba. Ana kiran wannan gwajin ABX. Ga A, ga B, ga kuma X wanda ɗaya ne daga cikinsu amma ba ka san wanne ba, kai za ka faɗa. Manhajar foobar2000 tana da ɗan ƙarin da ke yin wannan. In ka ci 12 cikin 16, da wuya a ce sa'a ce. In kana yawo a wajen 8, canke kake yi. Na ga mutane masu kunne na gaske, waɗanda ke kama kuskuren da ni ban ji ba a miksin, sun zauna gaban wannan gwaji suna ta maimaita daƙiƙa biyar ɗin farko suna ɓata fuska. Ba gazawarsu ba ce. Babu abin da za a ji ne.

To amma fa duk wannan magana a kan tarawa da ninkawa ce kawai. Waƙa ta gaske ba a nan take tsayawa ba, kuma da zarar manhaja ta fara yin abin da ya wuce wannan, bambanci na gaskiya yana shigowa, wani ma babba.

Mafi girma shi ne jan sauti ko tsuke shi don ya bi gudun kiɗa. Babu hanya ɗaya tak ta yin wannan, dole a yanyanka sautin a sake ɗinke shi, kowa kuma da ɗinkinsa. A nan ne sunan Ableton ya samo tabonsa. Tana zuwa a saite yadda in ka jefa mata dogon fayil za ta kunna masa Warp da kanta, ta yi ƙoƙarin gano gudunsa ta ɗora shi a kan na aikinka. Ga mai haɗa waƙoƙi a dandali wannan ni'ima ce. Ga wanda ya zo gwada sauti kuwa tarko ne. Kamfanin da kansa ya rubuta a littafin manhajar cewa salon Beats da Tones da Texture da Re-Pitch ba sa taɓa sauti matuƙar gudun fayil ya yi daidai da na aikin, amma Complex da Complex Pro suna taɓawa ko da gudun bai canja ba. Akwai kuma ɗan dusashewar da take iya sa wa bakin kowane guntun sauti, har zuwa kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa, don hana ƙyas. A kan murya ba za ka lura ba. A kan gangar da aka yanka daidai kan dukan, yana iya cin kaifin. Kashe waɗannan biyun, Ableton ta soke da kowa. Abin dariya ma, da yawan manhajojin da ake gwara kansu, har da Ableton da Reaper da FL Studio da Cubase, fasahar jan sauti ta kamfani ɗaya suke haya, élastique ta zplane, sai dai kowa da sigar da ya ɗauka da yadda ya saita ta.

Na biyu shi ne sauya adadin lambobi. Ka ɗauki murya a lambobi 48,000 a daƙiƙa, aikinka kuma yana kan 44,100. Dole manhaja ta ƙirƙiro sabbin lambobi a tsakanin waɗanda ake da su, kuma nan ma hannu ya bambanta. Wata tana amfani da hanya mai sauƙi yayin da kake aiki don kada kwamfuta ta sha wuya, sai wajen fitarwa ta koma mai kyau. Haka abin yake duk lokacin da ka buga sautin da aka ɗauka a wani maɓallin piyano dabam da na asalinsa. FL Studio ma ta bar maka zaɓin a tagar fitarwa, tun daga hanya mafi arha har zuwa sinc mai ɗigo 512. Mutum biyu da FL ɗaya, zaɓi dabam, sauti dabam, musamman a saman amo.

Sai dita, ɗan hucin da ake zubawa da gangan in za a sauko daga bit 24 ko 32 zuwa 16, don wutsiyar sauti ta mutu a hankali maimakon ta kakkarye. Huci ne na kan-mai-uwa-da-wabi, ba ya maimaita kansa, saboda haka fayil biyu masu dita ba za su taɓa sokewa gaba ɗaya ba. Zai bar ɗan shuuu a can wajen -90. Ba na ɓata lokaci a kansa. A sa shi sau ɗaya a ƙarshe, a wuce.

Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne wannan: ka fitar da waƙa ɗaya sau biyu a manhaja ɗaya, a kwamfuta ɗaya, ba ka taɓa komai ba, su ƙi sokewa. Yana faruwa kullum. Sintesaiza, masu ƙirƙiro sauti da kansu, da yawa injin amonsu yana ta juyawa ne ko ba a buga ba, don haka duk bugu a wani wuri dabam yake kama shi. Fulogin na amsa-kuwwa da na kauraye murya suna da ɗan lilo a ciki wanda ba ya farawa daga wuri ɗaya. Waɗanda ke kwaikwayon tsofaffin na'urori kuwa har huci da 'yar rawar sauti suke ƙarawa don abin ya yi kama da gaske. Wasu fulogin ɗin ma suna ƙara ingancin lissafinsu in sun gane fitarwa ake yi ba saurare ba. To in manhaja ba ta soke da kanta ba a irin wannan aikin, ina dalilin ɗora wa maƙwabciyarta laifi?

Akwai ƙananan abubuwa da ke taruwa. Layin da ka zana don feda ta riƙa hawa da sauka da kanta, kowace manhaja da yadda take lanƙwasa shi da yawan lokutan da take duba shi. Ma'aunin lokacin bugu ma ya bambanta: FL Studio tana raba kowane bugu gida 96 in ba ka canja ba, Reaper da Logic gida 960. A gudun bugu 120 a minti, gida ɗaya cikin 96 ya ɗan haura kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa. In komai a kan layi ka jera shi, ba ruwanka. In kuwa da hannu ka buga piyano kana son ɗan jinkirin nan na ɗan Adam ya zauna yadda yake, yana iya gusawa kaɗan. Sai uwa-uba fulogin da kowace manhaja ke zuwa da su. A fulogin masu ɗaga wani amo su rage wani, EQ Eight ta Ableton ba ita ce Fruity Parametric EQ 2 ta FL Studio ba, ba kuma ita ce ReaEQ ta Reaper ba. Ko ka rubuta musu lambobi iri ɗaya, faɗin lanƙwasar da halinsu a can saman amo ba lallai su zo ɗaya ba. Kwamfuresa, mai danne sauti in ya yi ƙarfi, kuwa ba a ma magana, kowace da yadda take fassara saurin kamu da saurin saki.

MP3 wani babi ne. Ba ajiye lambobin take ba, zubar da abin da take ganin kunne ba zai nema ba take yi, kuma injinan da ke wannan aikin sun bambanta. Da yawa suna amfani da LAME, wasu da nasu. Tana kuma ƙara ɗan shiru a farkon fayil, fiye da lambobi dubu, wanda shi kaɗai ya isa ya wargaza gwajin sokewa. Duk wanda ya kwatanta manhaja biyu da MP3, injinan matsewa ya kwatanta. Kuma kada girman fayil ya ruɗe ka ko a WAV: manhajoji suna rubuta bayanansu a kan fayil, suna da ranar fitarwa da makamantansu, sai ka ga girma ya bambanta da 'yan baiti alhali sautin ciki ɗaya ne.

Don adalci, akwai manhajojin da ke da sautinsu da gaske, kuma ba ɓoyewa suke ba, da shi suke talla. Harrison Mixbus an gina ta ne don ta kwaikwayi teburin miksin na kamfanin, da ɗan ƙunar kaset a kan layukan tarawa. Pro Tools tana da HEAT, Studio One tana da Console Shaper, LUNA ta Universal Audio tana da ƙarin da ke kwaikwayon tarawar teburin Neve. Waɗannan ba za su soke da kowa ba in suna kunne, don an yi su ne su canja sauti. Ni a wurina wannan ma hujja ce: da a ce tarawar kwamfuta tana da launi tun asali, da ba a sha wahalar ƙera mata launi ana sayarwa ba.

Abin da na fi yarda da shi a duk zancen nan shi ne manhaja tana canja mai aikin, shi kuma ya canja sautin. Wanda ya buɗe FL Studio, akwatunan jera bugu ne ke fara kallonsa, sai ya fara da ganga, ya tara sauti a kan sauti, komai a kan layi cif. Wanda ya buɗe Ableton, guntaye masu zagayawa ne a gabansa, sai ya yi ta jan sauti yana murɗa shi. Pro Tools kuwa ta taso ne a ɗakunan ɗaukar sauti, an tsara ta kamar na'urar kaset da teburin miksin, kuma yawancin waƙoƙin da ake kafa hujja da su wajen yabonta an ɗauke su ne a ɗakin da aka gyara bangonsa, da makirfo mai kyau, a hannun wanda ya shekara ashirin yana wannan aiki. A kwatanta wannan da yaron da ya fara jiya a kan laftof da iyafis, sannan a ce bambancin daga injin tarawa ne, ai an bar jaki ana dukan taiki. Hatta tsawon feda a allo da launin mita suna da tasiri. In mita tana saurin yin ja, za ka riƙa aiki a ƙasa, fulogin ɗinka su samu sarari. In ba ta nuna maka komai, za ka yi ta turawa har limita ta riƙa aikin da ba nata ba.

Saboda haka ban taɓa ce wa kowa ya bar manhajar da hannunsa ya saba da ita don neman sauti ba. In zai koma wata don ta fi masa sauƙin yanka murya, ko don abokan aikinsa a can suke, wannan dalili ne. Abin da na fi damuwa da shi shi ne yadda ake miƙa aiki daga wata zuwa wata, don a nan ne waƙa ke canja kama ba a sani ba. In za a turo mini layuka, ina roƙon WAV mai bit 24 ko 32, a adadin lambobin da aka yi aikin da shi, kada a sauya. Kowane layi ya fara daga farkon waƙa ko da shiru ne a wurin. A cire duk abin da ke kan masta, a kashe Normalize, kada a sa dita. Abin da aka ja ko aka tsuke, a fitar da shi a jaye, kada a bar wa tawa manhajar ta sake ɗinkin. Sintesaiza a turo sautinta, a haɗo da MIDI, wato bayanin maɓallan da aka buga, a gefe ko da za a buƙata. Sannan a haɗo mini da waƙar gaba ɗaya yadda mai ita yake jinta a wurinsa, da limitarsa da komai, don in na jera layukan in kifar da ita a kansu in ji abin da ya rage kafin in taɓa feda ko ɗaya.